Girkin Mako a Yini Guda

'Yata, zauna mu yi magana a kan abin da ke cinye miki yini. Kin fita aiki tun safe, kin dawo bayan la'asar a gajiye, yara na jiran abinci, sannan ne za ki fara gyaran kayan miya da aika markaɗe. A haka a haka har cimar gidan ta koma taliyar leda da burodin shago. Na san ba lalaci ba ne. Tsari ne babu. Ki ware yini guda a mako, Asabar ko Lahadi, ki gama aikin da ya fi cin lokaci, ki ba firiza ajiya.

Ki fara da kayan miya, domin su ne rabin wahalar girkinmu. Lokacin da tumatirin rani na Kadawa da Kura ya cika kasuwa, kwando ya sauko, ki saya da yawa. Ki markaɗa shi da tattasai da attaruhu da albasa, ki dafa har ruwan ya tsotse ya yi kauri, sannan ki kasa shi gwargwadon girki ɗaya ɗaya. Nama ma ki tafasa shi da kayan ƙamshi, tsokar daban, romon daban. Wake ki surfa ki wanke ki tsane ki ƙulle. Ranar ƙosai ko alale markaɗe kawai ya rage. Taushe da agushi suna jure sanyi. Kuka da busasshiyar kuɓewa kuwa kada ki kaɗa su, ki ajiye ruwan miyar kawai, ranar ci ki kaɗa, aikin minti biyar ne. Dafaffen ƙwai da latas da kokwamba kada ki wahalar da kanki, lalacewa za su yi.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Firiza ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Barci take sa su, ranar da abincin ya narke su farka su ci gaba daga inda suka tsaya. Abin da kika zuba mata, shi za ta mayar miki. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 na mutuwa, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin. Ƙwayoyin nan suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60 na zafi, shi ya sa dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye a fili ba. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, awa 1 ta isa. Kada ki bar tukunya ta kwana a kan murhu ki ce da safe kya zuba a firiza. Kada kuma ki cusa babbar tukunya da zafinta, domin tsakiyarta za ta daɗe da ɗumi. Ki raba a ƙananan robobi marasa zurfi, ki jera su a cikin baho mai ruwan sanyi su huce da wuri. Shinkafa ce ta fi yaudara: akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, in shinkafar ta daɗe a ɗumi ta saki dafin da ɗumame ba ya kashewa.

In leda ce, ki matse iskar, ki shimfiɗe ta falai-falai. Ta fi saurin daskarewa, ta fi saurin narkewa. Roba kada ki cika ta maƙil, ruwa yana kumbura in ya zama ƙanƙara. Ki rubuta suna da kwanan wata, don bayan mako uku taushe da miyar gyaɗa kamanninsu ɗaya, kuma ki yi ƙoƙari ki cinye cikin wata 3. Narkarwa a firji ake yi tun dare, ba a rana ba. Ɗumame kuma sai ya tafasa har tsakiya, sau ɗaya tak.

Za ki ce wutar fa? Gaskiyarki. Firiza a cike, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kamar awa 48 bayan an ɗauke wuta. In rabi ce, awa 24. Firji kuwa awa 4 kacal. Don haka ki cike gurabe da gorunan ruwa su daskare. In wuta ta dawo kika tarar abinci da sauran ƙanƙara a jikinsa, ba laifi. In ya narke har ya bar sanyi, ki zubar, komai tsadar naman. Hanci ba alƙali ba ne a nan, abinci kan gurɓata bai canja wari ba. In unguwarku wuta sai ta ga dama, kada ki tara na wata guda. Ki yi na kwana kaɗan, sauran ki koma wa kauɗar tumatir da dambun nama, waɗanda iyayenmu suka dogara da su tun babu firiza.

Gashi kuma kada rashin obin ya hana ki. Tukunya mai kauri, yashi mai tsabta a ƙasanta, ɗan ƙarfe a kai da za ki ɗora gwangwani, ki rufe ta yi zafi na minti 15 kafin ki sa kwaɓi. Kek mafi sauƙi shi ne mai awo ɗaya: fulawa giram 250, bota 250, sukari 250, ƙwai 4 ko 5, da ƙaramin cokali 2 na bekin fauda. Mai obin ta sa a digiri 180. Ki daure kada ki buɗe a minti 20 na farko, zai faɗa. Ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito ba danshi ya gasu. Burodi ruwan ɗumi yake so, tafasasshen ruwa kashe yis yake yi. Kuma na gida kin san abin da ke ciki; ba banza ba hukumar NAFDAC ta haramta sa sinadarin buromet a burodi. Ki yanka shi kafin ki sa a firiza, kullum ki ɗebi na karin kumallo. A firji kuwa saurin bushewa yake yi. Samosa da mitfai, musamman gab da azumi, ki naɗe su ɗanye, ki jera a faranti su daskare, sannan ki juye a leda don kada su manne.

Kai kuma ɗana, maigida, ina ganinka kana murmushi kamar ba da kai ake ba. Ranar wannan aiki ba ranar zaman majalisa ba ce. Kai za ka je kasuwa da wajen markaɗe, ka sayo robobi masu murfi, ka riƙe ƙananan yara, manyan su tsince wake su rubuta kwanan wata. In an ɗauke wuta kuma, ka daina buɗe firizar nan kana neman ruwan sanyi. Ka sayi kula ko randa, ka sha a can.