Tausayi Ba Tare Da Sani Ba, Ya Isa?

'Yan'uwa, idan wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa a ƙasar Zurmi ko Shinkafi ya iso Ƙaura Namoda ko Kasuwar Daji, abin da ke fara zuwa zuciyarmu shi ne hatsi da tabarma. Wannan daidai ne. Amma akwai tambaya: ko za a iya taimakon mutum bisa gaskiya ba tare da an san shi ba?

Wani zai ce mai jin yunwa ba ruwansa da littattafan jami'a. Gaskiya ce, a ranar farko. Sai dai gudun hijira yakan kai shekaru, kuma a nan ne binciken masanan al'amuran Afirka ke da amfani.

A shekarar 1969 Abner Cohen ya wallafa bincikensa kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan. Ya nuna yadda maigida ke sauke baƙo, ya tsaya masa a cinikin shanu da goro. Wato Bahaushe ya daɗe da hanyarsa ta zaunar da baƙo. A 1986 kuma Barbara Harrell-Bond, bayan zama da 'yan Uganda da suka yi hijira zuwa kudancin Sudan, ta yi kashedi cewa agajin da aka ɗora wa mutane ba da shawararsu ba yakan karya musu zuciya, ya mai da su masu jiran a ba su.

Mun ga haka kusa da gida. A 2019, da dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, talakawan ƙauyukan bakin iyaka ne suka fara buɗe musu ƙofa, domin harshe ɗaya ne, zumunci ɗaya. Daga baya hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori, kusa da 'yan gari.

Darasin shi ne, ɗan gudun hijira manomi ne, ko maƙeri, ko makiyayi, kafin ya zama mabukaci. Aron gona da iri sun fi kiyaye mutuncinsa a kan layin rabon abinci. Masani kuwa, shi ma bashi na kansa: binciken da ya kwana a ɗakin karatu a Ingila, bai dawo cikin Hausa ga mutanen da aka yi shi a kansu ba, amana ce da ba a sauke ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin mu miƙa hannu, mu zauna mu tambayi baƙonmu, mu kuma saurare shi.