Allon Tallar Makaranta da Darajar 'Ya'yanmu Mata

 

'Yan'uwa Musulmi, da zarar sakamakon JAMB ya fito, sai allunan tallar makarantu su cika shataletale da bakin gadoji, har cikin wayoyinmu ba su bar mu ba. Tun 1999 da aka fara ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi a Najeriya, neman ɗalibai ya zama kasuwa, ga kuma dillalai masu kai yara Malesiya da Indiya da Masar. Mutum ya tallata hajarsa ba haramun ba ne. Amma ku tsaya ku dubi abin da ake nuna mana.

Kwanan baya cunkoson motoci ya tsayar da ni a gindin wani allo a Kano. Saurayi ne cikin kwat, hular kwanon injiniyoyi a hannu, bayansa dogon bene da mota mai sheƙi. Gefensa budurwa fara sol, ta sha kwalliya, ta rungume littattafai tana murmushi. Shi an nuna aikin da zai yi, ita kuwa fuskarta kawai ake so. Ƙarƙashin allon wata 'yar talla ce da ba ta wuce shekara goma ba, ta sauke farantin gyaɗarta ta ɗaga kai tana kallo. Wallahi zuciyata ta sosu. Me hoton nan ya karantar da ita? Cewa karatu na masu kuɗi da farar fata ne, kuma mace ko ta shiga jami'a ado aka ɗauke ta. Daga nan yayyenta ke fara sayen man bilicin.

Ku koma Suratul Ƙasas. Ƙaruna ya yi alfahari cewa da iliminsa ya tara dukiyarsa, sannan ya fito wa mutanensa cikin adonsa. Masu son duniya suka yi ta fatan ina ma su ne. Su wa suka tsawatar musu? Waɗanda aka bai wa ilimi. Alƙur'ani ya raba mana masu ilimi da masu ƙyale-ƙyale, yau ga gidajen ilimi suna aron adon Ƙaruna don jan 'ya'yanmu. Yaron da ya shiga makaranta da hoton mota a ransa, in ya gama bai samu ba sai ya ga kansa faɗaɗɗe, in kuma ya samu kujera sai ya miƙa hannu cikin amanar jama'a don cika alkawarin da allo ya yi masa. Neman halal ibada ne, ba na musun haka. Abin tsoro shi ne a mai da abin hawa ma'aunin nasara, alhali hadisin da Muslim ya ruwaito ya sanar da mu cewa zukata da ayyuka Allah Yake dubawa, ba surori da dukiya ba.

Mata kuwa, tarihinmu ya fi ƙarfin wannan raini. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito hadisai 2,210, manyan sahabbai suna zuwa neman fatawa a wurinta. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajoji, wato malamai mata na ƙungiyar 'Yan Taru, suna sanya malfa suna bin ƙauyuka don karantar da mata. Da aikinsu aka san su.

Kada wani uba ya fake da maganata ya tsare 'yarsa a gida. Kai da kake neman likita mace ranar da matarka take naƙuda, 'yar wa kake so ta yi wannan karatun?

Ya ku masu makarantu, ku ji tsoron Allah. Ku faɗa mana malaman da kuke da su, da ɗakunan gwaji, da gaskiyar kuɗin da za a biya. In za ku sa hoton ɗaliba, ku nuna ta cikin mutuncinta tana duba maras lafiya ko tana gaban allo tana koyarwa. Ku kuma iyaye, kafin ku biya ko sisi, ku taka da ƙafarku ku ga makarantar, ku zauna da yaran ku tambaye su don me suke son karatun. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, amin.