Cuta Ce, Ko Ba Cuta Ba Ce?

Yau za mu taɓa zancen da ba a cika yinsa a fili ba, wato na maza masu neman maza da mata masu neman mata. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. So nake mu rarrabe tambayar da masu bincike suka amsa da wadda ba tasu ba.

A da, likitocin Turai da Amurka sun ɗauki wannan hali taɓin hankali ne. Akan kulle mutum a asibitin mahaukata, a ɗura masa maganin amai, a jona masa lantarki, wai don ya warke. Wani likita Bajamushe, Magnus Hirschfeld, ya kafa ƙungiya a Balin a 1897 don a soke dokar da ke ɗaure su, a 1919 kuma ya buɗe gidan bincike. A watan Mayu na 1933 mutanen Hitler suka wawashe gidan, suka ƙone littattafansa a bainar jama'a.

Aikin da ya fi burge ni na wata mata ce a Amurka, Evelyn Hooker. Ta lura cewa likitoci ba su san kowa cikin mutanen nan ba sai waɗanda aka kai asibiti ko kurkuku. To, wanda bai taɓa ganin Bahaushe ba sai a gadon asibiti, ai sai ya rantse duk Hausawa majinyata ne. Sai ta samo maza 30 masu neman maza da ke zaman kansu, da wasu 30 masu neman mata, shekaru da ilimi daidai wa daida. Ta yi musu gwaje-gwajen hankali, ta ɓoye sunaye, ta miƙa wa gwanaye amsoshin, ta ce su ware. Suka kasa, sai cinta kawai. An buga sakamakon a 1957. A 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire wannan hali daga jerin cututtuka, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi haka ran 17 ga Mayu 1990.

Na san abin da za ka ce: ina ruwanmu da hukuncin Turawa, alhali addini ya riga ya yi magana? Gaskiyarka, ta wani gefe. Ba likita ke yanke halal da haram ba, wannan fagen malamai ne. Amma cewa mutum mahaukaci ne, ko duka da tsoratarwa za su sauya shi, wannan magana ce da ake iya gwadawa. An gwada, ba ta tsaya ba.

Kuma ba a Turai kaɗai aka yi binciken ba. A watan Janairu na 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar Nijeriya mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi guda. Masu bincike da ke duba lafiyar irin waɗannan maza a Abuja suka ga cewa masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari. Mai ciwon sida da ya ƙi zuwa asibiti ba ya samun magani, wanda bai sha magani ba kuwa shi ya fi yaɗa cutar.

Yanzu ka dubi wurinmu. Tun da aka gano zinariya a Tchibarakaten a 2014, dubban maza suka taru a hamada, wata da watanni ba iyali. Ka ɗauka ɗayansu yana da wannan sirri, ya fara ramewa. In ya san ma'aikacin lafiya zai tona masa asiri, ko abokan rami za su rufe shi da duka, ba zai je awon jini ba. Zai sayi ƙwayoyi a tebur, ya yi shiru. Ran da ya samu guzuri ya hau mota zuwa Arlit, daga can Agadas, daga can Maraɗi ko Damagaram, inda matarsa ke jiransa ba ta san komai ba.