Alhakin Nyange Yana Wuyan Wa?

Malamin da ke so ɗalibansa su gane nauyin alhaki, bari ya ba su labarin Nyange su yi muhawara a kai. A watan Afrilu 1994, lokacin kisan ƙare dangi a Ruwanda, 'yan Tutsi fiye da 1,500 suka fake a cocin garin. Aka kawo katafila aka rushe ginin a kansu.

Ɗalibai sukan fara da direban katafilar, gama hannunsa ne ya aikata. Sai wani ya ce ai umarni aka ba shi. Daga nan a koma kan Fada Athanase Seromba, wanda kotun duniya da ke Arusha ta yi wa ɗaurin rai da rai a 2008. Sunan nan yana da nauyi a bakin firist, amma tsallake shi ƙarya ce. Sa'an nan a ambaci rediyon RTLM mai zuga jama'a, da Majalisar Ɗinkin Duniya da ta janye yawancin sojojinta.

A nan haɗarin yake. Yaro yakan ɗauka alhaki kamar kaya ne, in masu ɗauka sun yi yawa sai ya yi sauƙi. Amma laifin Fada bai rage wa direba kome ba, kowa da nasa cikakke.

Ga mai kafa hujja da umarni kuwa, sai malam ya tuna masa Maris 1997. Mahara suka shiga makarantar sakandare a Nyange ɗin nan, suka umarci ɗalibai su rabu, Hutu dabam, Tutsi dabam. Yaran suka ƙi, aka kashe waɗansunsu.