Wa Zai Biya Kuɗin Jira?

Akwai tambayar da ba a cika tunawa da ita ba sai ran da haɗari ya auku: alhakin wa ne ɗauko wanda ya faɗi a hanya, wa kuma zai biya? Ƙasar Amurka, duk da arzikinta, ta daɗe tana fama da wannan tambaya.

A 1966 wani rahoton masana kimiyya na ƙasar ya nuna cewa kusan rabin aikin ɗaukar majinyata yana hannun masu sana'ar jana'iza, domin su ne ke da motar da za a iya kwantar da mutum a ciki. A 1973 majalisar tarayya ta yi doka, ta ware kuɗi domin kafa tsarin agajin gaggawa. Amma a 1981 aka haɗe kuɗin da na wasu ayyukan lafiya, aka bar wa kowace jiha ta kashe yadda ta ga dama. Daga nan nauyin ya koma kan jihohi da gundumomi. Jihohi da dama ba su sa motar asibiti cikin ayyukan da doka ta wajabta ba, ƙauyuka masu yawa kuwa sun dogara ga 'yan sa kai.

Ga inda gizo ke saƙar. Inshorar gwamnati ta Medicare galibi tana biya ne idan an ɗauki majinyaci an kai shi asibiti. Amma tsadar aikin tana cikin jira: ma'aikata biyu da mota da magunguna a shirye da tsakar dare, ko an kira ko ba a kira ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya kwana lafiya shi ma ya amfana da wannan jira, domin saboda shi ma aka hana ido barci. In haka ne, adalci bai yarda a ɗora kuɗin duka a kan wanda ya ji rauni ba.

A 2021 jihar Ayowa ta ba gundumominta ikon ayyana aikin a matsayin wajibi, su kuma sa haraji dominsa idan kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe sun amince. Wannan ci gaba ne, sai dai ya bar ran matafiyi a hannun ƙuri'ar gundumar da ya faɗi a cikinta, alhali kuwa darajar rai ba ta canzawa a kan iyaka.

Mu tuna Basamariyen nan na Bisharar Luka. Bayan ya ɗaure raunukan, ya bar wa mai masauki dinari biyu, ya kuma ɗauki alkawarin cika sauran. Jinƙansa ya haɗa har da biyan kuɗi. Al'ummar da ke yabon masu ceto, amma ta ƙi sa su cikin kasafinta, ta raɓa ne ta wuce kamar firist da Balawen nan.