Zabura ta 91 Laya Ce? Tunani a Kan Karatun Kalmar Allah a Kwanakin Annoba

A watannin kulle na shekarar 2020, sa'ad da aka rufe ƙofofin majami'u saboda cutar korona, na lura da wani abu a gidajen masu bi da dama. Littafi Mai Tsarki yana buɗe a kan tebur dare da rana, kullum a wuri guda, wato Zabura ta 91. A wani gida na tarar shafin ya yi ja da ƙura, alamar an daɗe ba a juya shi ba. A kwanakin nan ne wani dattijon ikkilisiya, mutum mai tsoron Allah wanda ya isa haihuwata, ya gan ni da takunkumi a fuska, sai ya ce, "Ɗana, ashe kai ma ba ka gaskata da Zabura ba?" Na ce, "Baba, na gaskata," na ƙara da 'yan kalmomi cikin ladabi, amma amsar ba ta gamsar da shi ba, ni kaina ma ba ta gamsar da ni ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma tambayar dattijon nan tana nan daram, gama kwalara da sanƙarau da zazzaɓin Lasa ba su daina ziyartarmu ba. Idan Allah ya yi alkawarin tsare masu dogara gare shi, mai bin da ya kauce wa cuta ya nuna ƙarancin bangaskiya ke nan? Ina kuma amfanin karatun Kalmar Allah kowace safiya, in mai karantawa zai iya kamuwa kamar kowa?

Kada mu rage wa Zabura ta 91 ƙarfi domin neman sauƙin amsa. Ta ambaci annoba da sunanta, ta yi maganar dubbai da za su fāɗi kewaye da mai dogara ga Allah shi kuwa ya tsira, ta ce za a umarci mala'iku su lura da shi. Dattijon bai ƙirƙiro kome ba. Sai dai akwai wani wuri a Sabon Alkawari inda aka ɗauko wannan Zabura aka yi hujja da ita, wanda ya ɗauko ta kuwa Iblis ne. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas. Kwana uku bayan haka, ranar 1 ga Maris, ita ce Lahadi ta farko cikin azumin da yake gabatar Ista, kuma a tsarin karatun da ikkilisiyoyin Lutheran da yawa suke bi, bisharar ranar ita ce Matiyu sura 4, labarin gwajin Yesu a jeji. A nan ne Iblis ya kai Ubangiji kan ƙololuwar Haikali, ya ce ya diro, ya kawo masa ayoyin mala'ikun nan. Yesu bai ce ayoyin ƙarya ba ne. Ya amsa da wani Nassi, daga Maimaitawar Shari'a sura 6, wanda ya hana gwada Allah. Masanan Littafi tun dā sun lura cewa Iblis ya tsallake sashen ayar da yake maganar hanyoyin da mutum yake bi, suka kuma fahimci hanyoyin nan a matsayin aikin da Allah ya ɗora wa kowa. Haikali yana da matakala. Wanda ya bar matakala ya diro, ya fita daga hanyar da aka yi alkawarin tsaro a cikinta.

Ikkilisiyar Lutheran ta gāji wani rubutu a kan wannan batu. A watan Agusta 1527 annoba ta shiga Witenbag, a ƙasar Jamus. Sarkin Saksoni, Yohann, ya sa aka mai da jami'ar garin zuwa Yena, ya kuma bukaci Martin Luther ya bi ta. Luther ya ƙi. Ya tsaya tare da limamin garin, Yohannes Bugenhagen, ga shi kuwa a lokacin shi kansa bai daɗe da tashi daga ciwo mai tsanani ba, matarsa Katarina tana da juna biyu, ɗansu Hans kuma yana da shekara ɗaya da 'yan watanni. Gidansu ya cika da marasa lafiya. Hans ya kwanta ciwo amma ya warke. Matar wani ma'aikacin ikkilisiya, Georg Rörer, wadda 'yar'uwar Bugenhagen ce, ta haifi ɗa ba rai, sa'an nan annobar ta ɗauke ta. Cikin wannan hali ne Luther ya kammala amsar da Yohann Hess, limamin Birislau, garin da yake cikin ƙasar Folan a yau, ya daɗe yana jira, a kan ko ya halatta Kirista ya guje wa annoba mai kisa.

Mai karatu zai zaci mutumin da ya tsaya haka zai la'anci duk wanda ya gudu. Bai yi ba. Ya ce gudun mutuwa ba zunubi ba ne a kan kansa, ya tuna da Dawuda da ya guje wa Saul, da Iliya da ya guje wa Yezebel, da Musa da ya tsere daga Masar. Ma'aunin da ya kafa shi ne maƙwabci. Limami ba shi da ikon barin garken da ba wanda zai lura da shi, haka mai mulkin gari, haka iyaye da 'ya'ya, haka maigida da baransa. In akwai isassun masu kula, sauran suna iya tafiya da lamiri mai tsabta. Wanda kuwa ya yar da maƙwabcinsa cikin ciwo ba mataimaki, Luther ya kira shi mai kisankai a gaban Allah.

Sa'an nan ya juya ga ɗaya ɓangaren da zafi iri ɗaya, wato masu raina magani suna shiga ko'ina da sunan bangaskiya. Ya ce gwada Allah suke yi, gama Allah ne ya halicci magani ya kuma ba mu hankali. Ya kwatanta su da mutumin da gobara ta kama gidansa a tsakiyar gari, ya naɗe hannu yana cewa in Allah ya ga dama zai ceci garin ba tare da ruwa ba. Game da kansa ya ce zai roƙi jinƙan Allah, ya turara gida, ya sha magani, ya nisanci wuraren da ba a bukatarsa domin kada ya ɗauko cutar ya kai wa wasu, amma in maƙwabci ya bukace shi zai je ba fargaba. Luther bai san ƙwayar da take kawo annobar ba, sai a 1894 Aleksanda Yersin ya gano ta a Hon Kon, daga baya kuma aka gane ƙuman ɓeraye ne suke yaɗa ta. Wataƙila turaren nasa bai hana kome ba. Amma ya yi amfani da iyakar sanin zamaninsa, wanda a namu zamani shi ne sabulu da takunkumi da allurar rigakafi. Mu da ikkilisiyarmu ta samo tushe daga aikin likita, Dokta Niels Brønnum da ya iso Numan a 1913, bai kamata magani ya zame mana abin tuhuma ba.

Yanzu na dawo ga littafin nan mai ƙura. Laya aba ce da ake rufewa a rataye, ba a bukatar sanin abin da yake ciki, aikinta kuma tsare mai ita kaɗai. Mun yi wa'azi shekara da shekaru a kan layu da guraye, sai ga shi tsoro ya sa mun mai da Zabura ta zama irinsu. Abin da yake warkar da wannan, a ganina, shi ne karatun yau da kullum bisa tsari, inda mutum ba shi ne yake zaɓar wa kansa aya ba. In ni ne mai zaɓa, a kwanakin tsoro ba zan taɓa barin Zabura ta 91 ba. Amma tsarin karatu yakan kai ni Littafin Firistoci sura 13, inda Allah da kansa ya umarci a keɓe wanda ake zaton yana da cutar fata har kwana bakwai. Yakan kai ni Zabura ta 88, addu'ar mai bi da ta ƙare cikin duhu ba tare da amsa ba. Yakan kai ni Luka sura 13, inda Yesu ya ƙi yarda cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, wannan kuwa yana rufe bakin mai cewa wanda cuta ta kashe bangaskiyarsa ce ta gaza. Ranar 29 ga Maris 2020, jajiberin kullen Legas da Abuja, bisharar tsarin karatun nan ita ce ta Li'azaru, abokin da Yesu yake ƙauna, wanda duk da haka ya yi ciwo ya mutu, Yesu kuma ya yi hawaye a bakin kabarinsa kafin ya ta da shi. Wanda ya bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya zai dawo ga Zabura ta 91 da wani kunne dabam. Zai ji alkawarin Allah na kasancewa tare da nasa cikin wahala, da ceton da kabari ba ya iya warwarewa, gama Ɗan da ya ƙi dirowa daga Haikali shi ne ya hau gicciye, mala'iku kuwa ba su sauke shi ba.

Dole in faɗi inda maganata take da rauni, domin dattijon nan yana da gaskiyarsa. Tsoro ya iya sa rigar hikima. Na san gidajen da aka bar tsofaffi su kaɗai makonni, ba mai leƙawa ko ta taga, ana cewa bin doka ake yi. Ni kaina akwai wata gwauruwa a unguwarmu da na yi ta cewa zan kai mata hatsi in kulle ya sassauta, alhali ba abin da ya hana ni ajiye shi a bakin ƙofarta in yi mata sallama daga nesa. Na karanta Matiyu sura 25 a kwanakin, na kuma rufe littafin ban tashi ba. Wannan ma mai da Nassi laya ne, sai dai ta mai ilimi. Har ila yau, Luther a wasiƙar nan ya gargaɗi mutane su riƙa zuwa majami'a su ji wa'azi, saboda haka ba daidai ba ne a ce ya goyi bayan rufe majami'u kai tsaye. Abin da za a iya faɗi shi ne, Ƙaramin Katekisma da ya wallafa a 1529 ya ɗora koyarwa a wuyan maigida, tare da addu'ar safe da ta yamma. Gidajen da suka saba da wannan sun sha kewar Jibin Ubangiji da zumunta, amma Kalma ba ta yanke musu ba. Waɗanda suka bar wa Fasto da mai bishara dukan karatu su ne suka fi jin maraici.

Ba a ba Luther wata shaida ta musamman cewa tsayawarsa ta sayi tsaro ga gidansa ba. Annobar ta lafa wajen ƙarshen shekara, Katarina ta haifi 'ya mace, Alisabatu, ranar 10 ga Disamba 1527, yarinyar kuwa ta rasu ranar 3 ga Agusta 1528, ba ta cika wata takwas ba. Annoba ta sāke shiga Witenbag a 1535, jami'a ta sāke komawa Yena, Luther ya sāke tsayawa. A 1539 ta kashe wani malamin jami'ar, Dokta Sebald Münsterer, da matarsa, sai Luther da Katarina suka kwashe 'ya'yansu huɗu suka kai gidansu, mutanen gari suna ta gunaguni cewa zai yaɗa cutar.