Kura da Shan Bugu: Alhakin Wa Ne Idan Zaki Ya Ɓalle?

Gabatarwa

Wata rana da la'asar, a Paikon Kore, wani gari da ke cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada ta Babban Birnin Tarayya, muka tarar da cincirindon jama'a a bakin hanya, sun yi da'ira ana ta kiɗa. Da muka kutsa sai muka ga ashe gardawa ne suka sauka da kurarsu. An sa mata takunkumi, an ɗaura mata sarƙa a wuya, gardin yana riƙe da sarƙar a hannu ɗaya, kulki a ɗaya hannun, yana ta kirari, yaransa kuwa suna zagayawa da layu da ƙulle-ƙullen magani. Can sai kurar ta yunƙura ta fizgi sarƙa, ta nufi inda yara suka fi yawa. Kafin ka ce kwabo fili ya watse, wani ya bar takalminsa, wata mai tallar gyaɗa ta yi ɓarin farantinta. Gardi ya janyo kura ya sauke mata kulki uku a gadon baya, jama'a suka dawo suna dariya, kuɗi suka shiga zuba.

Kusa da mu akwai wani dattijo Bafillatani, ya dogara da sandarsa, bai gudu ba, bai kuma yi dariya ba. Muka ce masa, "Baffa, kai ba ka tsoron kura ne?" Sai ya ce, "Malam, ai ni tun da na zo sarƙar nake kallo. Kura dai na san halinta. Abin da ban sani ba shi ne ko maƙerin da ya ƙera sarƙar nan mai tsoron Allah ne."

Maganar wannan dattijo ita ce ta haifar da wannan maƙala. Abin da gardi yake yi a bakin kasuwa shi ne abin da hukuma take yi a gidajen ajiye namun daji, waɗanda muka fi sani da gidan zu: a ɗauko naman dawa a kawo shi cikin mutane, a karɓi kuɗi a nuna shi. Tambayarmu ita ce, ranar da sarƙa ta tsinke ko keji ya buɗe, alhakin yana wuyan wa?

Jos da Kano

A watan Disamba na 1915 ba a san gidan zu a ƙasar nan ba, amma shekara ɗari bayan haka, wato a Disambar 2015, mutanen Jos sun wayi gari da labarin cewa zaki ya ɓalle daga kejinsa a gandun namun daji na garin, a daidai lokacin ba shi abinci. Aka shafe sa'o'i ana nemansa, daga ƙarshe jami'an tsaro suka harbe shi. Hankalin jama'a ya kwanta, sai dai mutane da yawa sun yi ta tambayar dalilin da ya sa ba a harba masa allurar sa barci an mayar da shi da ransa ba.

A watan Oktoba na 2019 kuma abin ya zo Kano, a gidan zu na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970. An kai wani zaki bikin baje kolin amfanin gona a Jihar Nasarawa, da aka dawo da shi ana ƙoƙarin mayar da shi kejinsa sai ya kufce. Aka rufe gidan, aka gargaɗi mazauna unguwannin da ke kewaye, aka kwana biyu cikin zullumi. Shi kuwa manyan dawa bai bar harabar gidan ba. Ya faɗa wa awakin da ake ajiyewa a wurin ya yi kalaci da su, daga bisani aka samu ya koma keji da ransa, ba tare da ya taɓa ko mutum ɗaya ba.

Mai karatu zai lura da abu guda a waɗannan labarai biyu. Babu zakin da ya karya ƙarfe ko ya fasa bango. Duk sun fita ne a lokacin da hannun ɗan Adam yake kan ƙofa: wancan wajen ciyarwa, wannan wajen sauya masa mazauni. Masu iya magana sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda Ake Tsare Mai Ziyara

Waɗanda suka ƙware a wannan sana'a sun daɗe da gane haka, shi ya sa suka gina tsaronsu hawa-hawa, ta yadda in ɗaya ya kasa, na bayansa zai tare. Hawa na farko shi ne ginin kansa. Tun a 1907 wani Bajamushe mai suna Carl Hagenbeck ya buɗe gidan zu a kusa da birnin Hambag inda ya raba dabbobi da 'yan kallo da gwalalo mai zurfi, irin wanda kakanninmu suke haƙawa a bayan ganuwa. Tsawon bango ma da ƙa'idarsa. A ranar 25 ga Disamba, 2007, wata damisar Asiya ta tsallake bangon gidan zu na San Faransisko a Amurka ta kashe wani matashi. Da aka auna bangon sai aka tarar ƙafa 12 da rabi ne, alhali abin da masana suka shawarta ya ɗara ƙafa 16. An yi shekaru ana wucewa ta gaban wannan bango, ba wanda ya sa masa ma'auni.

Hawa na biyu shi ne tsarin ƙofofi. Mazaunin zaki yakan kasance da ɗaki biyu, na ciki da na waje, da ƙofar da ake ja daga nesa a tsakaninsu. Ma'aikaci ba ya shiga shara ko ajiye nama sai ya kora zakin ɗaya ɗakin, ya sa sakata, ya danna kwaɗo, abokin aikinsa kuma ya duba ya tabbatar. Hanyar shigar ma'aikata ita ma ƙofa biyu gare ta, ba a buɗe ta gaba sai an rufe ta baya. Sannan ga shingen da ke nisanta ɗan kallo daga jikin keji, don kada yaro ya zura hannu.

Hawa na uku shi ne shirin ko-ta-kwana: wa zai buga ƙararrawa, wa zai tattara 'yan kallo ya shigar da su gini ya rufe, wa zai kulle ƙofar waje, wa ke riƙe da bindigar allura, wa kuma ke riƙe da ta harsashi. A Japan, gidajen zu na birnin Tokiyo sukan yi atisaye inda wani ma'aikaci zai sa rigar da ta mayar da shi kamar dabba ya yi ta gudu, sauran su bi shi da raga. Wanda ya gani zai yi dariya, amma ranar da abin ya zo da gaske kowa ya san inda zai tsaya.

Duk waɗannan ba su da wani armashi. Aiki ne na maimaici, yau a duba kwaɗo, gobe a duba kwaɗo, shekara goma ba abin da ya faru. A nan ne kuwa jarrabawar take, domin amanar da ba mai ganin ana riƙe ta ita ce ta fi saurin sulluɓewa.

Tsakanin Allura da Harsashi

To, idan an riga an yi sake, dabba ta fito ko mutum ya faɗa mata, me ya kamata a yi? A ranar 28 ga Mayu, 2016, wani yaro ɗan shekara 3 ya faɗa mazaunin wani goggon biri mai suna Harambe a gidan zu na Sinsinati a Amurka. Birin ya kama yaron yana jan sa cikin ruwa. Ma'aikata suka harbe shi, duniya ta yi caa a kansu. Hujjarsu ita ce allura ba ta kayar da babbar dabba nan take, takan ɗauki mintoci, kuma zafin sukar yana iya harzuƙa ta ta yi ɓarnar da ake gudu.

Mu a ganinmu wannan hujja karɓaɓɓiya ce. Idan ran mutum yana hannun dabba, babu wani dogon lissafi, ran mutum ne a gaba, kuma wanda ya ɗana kunamar bindiga a wannan hali bai yi laifi ba. Sai dai kuskuren da mukan yi shi ne mu tsayar da shari'ar a nan, kamar dai labarin ya fara ne daga ƙarar bindiga. Kafin harbin akwai shingen da yaro ya iya ƙetarewa, akwai sakatar da ba a sa ba, akwai allurar da ba a saya ba ko aka bari ta lalace a cikin akwati. Harbin halal ne, amma bashi ne ake biya, kuma wanda ya ci bashin daban, wanda aka biya da ransa daban. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Sabo Turken Wawa

Akwai kuma wani wanda ba mu cika tunawa da shi ba, wato shi ma'aikacin. A watan Fabrairu na 2024, a gidan zu na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, zaki ya kashe mutumin da ya yi kimanin shekara 9 yana kula da shi tun yana ɗan jariri. A watan Satumba na wannan shekarar kuma, a gandun namun daji na ɗakin karatun tsohon shugaban ƙasa Obasanjo a Abekuta, wani zakin ya kashe mai ciyar da shi. Bayanin da hukumar wurin ta bayar shi ne ya kai baƙi su ga yadda ake ciyarwa bayan an tashi aiki, ya kuma bar ƙofar kariya a buɗe. Zakunan nan biyu duk an kashe su.

Ba muna zargin mamatan ba ne, Allah Ya jiƙansu. Muna nuni ne ga wata ɗabi'a da ke jikin kowannenmu. Wanda ya daɗe da abu yakan ɗauka abin ya san shi. Gardi ya dogara da laya da abin da ya sha, ma'aikaci ya dogara da cewa zakin a hannunsa ya girma, shi kuwa zaki hali zanen dutse. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci wani mutum ya ɗaure raƙumarsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa gaskiya ne, amma ba a faɗarsa sai bayan an sa sakata. Haka kuma hukumar da ta bar mutum ɗaya ya shiga wurin zaki ba mataimaki, ba horo, ba kayan aiki, tana da nata kason a cikin jininsa.

Dabba Ba Ta Zuwa Kotu

A Paikon Kore akwai makiyayar da gwamnati ta keɓe wa masu shanu, ga kuma gonaki a kewaye, saboda haka mutanen wurin sun san wannan mas'ala tun kafin mu rubuta ta. Idan saniya ta shiga gona ta yi ɓarna, ba a taɓa jin an kai ta gaban mai unguwa ba, mai ita ake nema. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da aka yanke kan raƙumar Bara'u ɗan Azib da ta shiga lambun wani ta yi ɓarna: masu lambu su tsare lambunsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Ma'anar ita ce alhaki yana bin mai hankali, kowa da lokacin da tsaro ya hau kansa. Idan haka ne hukuncin raƙumi mai cin ganye, ina ga wanda ya ajiye zaki a tsakiyar gari?

Amanar kuma fuska biyu gare ta. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, ya isa ya nuna mana cewa wanda ya tsare dabba ya ɗauki nauyin cikinta da lafiyarta. Zakin da ke kwana da yunwa ya fi kowane zaki neman ƙofa. Ashe ke nan ciyar da shi da kyau yana daga cikin tsaron ɗan kallo.

Amma ɗan Adam ya fi son ya ɗora wa marar baki. A watan Yuni na 2019 labari ya bazu cewa wai goggon biri ya haɗiye kusan Naira miliyan 7 na kuɗin shiga da aka tara lokacin Sallah a gidan zu na Kano. Aka yi ta raha da zancen har ƙasashen waje, sai da gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce ai babu ma goggon biri a gidan. Ko a tatsuniyoyinmu haka abin yake: Gizo ya ƙulla, Kura ta sha dukan.

Kammalawa

Wani zai ce to a rufe gidajen zu mana kowa ya huta. Ba mu tare da shi. Zakunan da suka rage a dazukan Nijeriya ƙalilan ne, a Yankari da dajin Kainji, kuma yaron da ya tashi a Fagge ko Gwagwalada ba shi da inda zai ga manyan dawa ido da ido in ba a irin waɗannan gidaje ba. Abin da muke cewa shi ne, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Hukumar da ba za ta iya sayen nama da allura da kwaɗo mai kyau ba, ba za ta iya horar da ma'aikatanta ta biya su hakkinsu ba, to ta haƙura da zaki, ta ajiye ɗawisu da kunkuru. Mu ma 'yan kallo da namu: mu riƙe hannun yaranmu, mu bar jifan dabba da tsokanarta, mu bar roƙon ma'aikaci ya karya doka don mu ɗauki hoto.

Ranar da muka sake kai iyali gidan zu da Sallah, bayan mun gama kallon gashin wuyan zaki, yana da kyau mu yi koyi da dattijon nan na Paikon Kore, mu ɗan dubi kwaɗon da ke jikin ƙofar, mu kuma tambayi wanda makullin yake hannunsa ko an ba shi abin da zai riƙe amanar da shi.